Mutuwar Zuciya: Abin da Ya Same Ni a Kudancin Shikago

Na shigo Amurka a shekarar 2003 ta cacar biza, ni da matata da ɗanmu na fari yana goye. A Shikago muka sauka, can arewacin birnin inda 'yan Afirka suka fi taruwa. Ban cika mako biyu ba aka biya mini karatun da ake biya wa kowane baƙo. Mutumin da ya sauke mu, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi, ya shimfiɗa taswirar birnin a kan tebur, ya ɗora yatsa ƙasa da tsakiyar gari ya ce, "Daga nan zuwa kudu ba ruwanka. Baƙaƙen nan ba irinmu ba ne. Gwamnati ke ci da su, ba sa son aiki, zuciyarsu ta mutu." Na karɓi maganar yadda yaro ke karɓar karatun allo, ban nemi dalili ba. Na riƙe ta fiye da shekara goma, kuma na biya wa waɗanda suka zo bayana.

Tasi na kama ni ma. Hayar mota nake yi mako-mako, in fita da asuba in dawo bayan isha, kwana shida a mako, ko ana zuba ƙanƙara. Dokar birni ta hana direba ƙin ɗaukar fasinja saboda unguwar da za shi, amma na sha kawar da kai idan na hango baƙar fata ya ɗaga hannu da dare. Wata rana wata tsohuwa mai sanda ta tsayar da ni a gaban asibiti, na yi kamar ban gan ta ba, na wuce na ɗauki wani Bature a gaba kaɗan. Ta madubi na ga ta sauke hannunta a hankali. Har yau idan na tuna sai na nemi gafarar Allah.

A hunturun 2006 wani yaro da ban jin ya kai sha takwas ya ɗora mini bindiga a ƙeya, ya karɓe cinikin ranar da wayata. Bai taɓa lafiyata ba, sai dai daga wannan dare abin da na ji a bakin mutane ya zama mini hujja. Duk wanda ya ce mini in yi wa mutanen nan uzuri sai in ce masa, "Kai an taɓa sa maka bindiga?"

Direban tasi abokin rediyo ne, kuma a rediyon Amurka wannan gardama ba ta ƙarewa. Ɓangare guda na cewa talaucin unguwannin baƙaƙe al'ada ce: haihuwa ba aure, uba ya gudu, raina makaranta, dogaro da tallafi. Ɗaya ɓangaren na cewa wariya ce da rashin aiki. A nan na fara jin sunan Daniel Patrick Moynihan, jami'in ma'aikatar ƙwadago da ya rubuta rahoto a 1965 yana gargaɗi a kan rushewar iyali a tsakanin baƙaƙe, lokacin da kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ake haifa ba tare da aure ba. Masu rediyon kan ce to ga shi yanzu abin ya doshi bakwai cikin goma. A nan na ji cewa dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, wadda ta taƙaita tallafin kuɗi na tarayya zuwa shekara biyar a rayuwar mutum, a cikin sunanta ma akwai "ɗaukar nauyin kai". Ranar da Obama ya tsaya a wani coci a kudancin Shikago a 2008 yana yi wa ubanni baƙaƙe faɗa a kan guje wa 'ya'yansu, ina cikin mota na buga sitiyari don murna. Na ce to, ga nasu ma ya faɗa.

Abin da ya kai ni kudu arha ce. Bayan rikicin bashin gidaje na 2008 farashi ya karye, a 2010 na sayi wani ƙaramin gidan bulo a kudu maso gabashin birnin, ba nisa da tafkin Michigan. 'Yan'uwa suka ce na haukace. Ni kuwa shirina in shiga in rufe ƙofa, yarana su tafi makaranta su dawo, kada su kula kowa.

Maƙwabcina na dama wani dattijo ne dogo, mai furfura a gemu. Ranar da muke sauke kaya ya ga matata da hijabi, sai ya ƙetaro ya yi mana sallama cikakkiya. Ashe Musulmi ne tun bayan 1975, lokacin da Imam Warith Deen Mohammed ya ja dubban baƙaƙen Amurka zuwa tafarkin sunna. Baba nake kiransa, shi kuma ya ce mini "ɗana". Duk safiya kafin gari ya waye yana share bakin titi, daga ƙofarsa har ƙofar wata gwauruwa gida uku a gaba. Idan ƙanƙara ta zuba, kafin in dawo ya kwashe ta gabana. Na ji daɗinsa ƙwarai, amma yadda na fassara shi a zuciyata shi ne, wannan daban yake da sauran. Haka son zuciya yake, ko gani bai cika korar masa ji ba.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci na saki baki. Mun wuce wasu samari a kusurwa, sai na ce, "Baba, ni na zo ƙasar nan da akwati biyu, ga shi na sayi gida. Waɗannan a nan aka haife su, da takarda, da Turanci, me ya hana su?" Bai amsa ba sai da muka isa. Ya zaunar da ni a barandarsa, ya ba ni labarin gidansu.

A Misisipi aka haife shi. Yana ɗan shekara shida iyayensa suka hau jirgin ƙasa zuwa Shikago, cikin baƙaƙe kimanin miliyan shida da suka bar kudancin Amurka tsakanin 1910 da 1970 don guje wa wariya da kisan gilla. Mahaifinsa ya yi aiki biyu, ya tara kuɗi don sayen gida a North Lawndale. Banki kuwa ba ya ba baƙar fata bashin gida a lokacin, domin tun shekarun 1930 hukumomin gwamnatin tarayya suka zana taswirori suka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar cewa kuɗi bai kamata ya shiga can ba. Hanya ɗaya ta rage: dillali ya sayi gida da arha daga Baturen da ke gudu, ya sayar wa baƙo ninki biyu a kan yarjejeniya. Kana biya wata-wata, gyara naka, haraji naka, amma takardar gida tana hannunsa har sai ka biya kobon ƙarshe. Ka kuskure wata guda, a fitar da kayanka waje, duk abin da ka biya ya tafi. Mahaifin Baba ya biya shekara tara, ya kwanta ciwo wata biyu, aka kore su. Dillalin ya sake sayar da gidan ga wani iyalin. Daga baya na karanta cewa masu bincike na jami'ar Duke sun ƙiyasta a 2019 cewa ta wannan hanya an kwashe dala biliyan 3 zuwa 4 daga hannun baƙaƙen Shikago a shekarun 1950 da 1960. A unguwar North Lawndale ɗin nan ce Martin Luther King ya kama haya a 1966, kuma a wannan shekarar aka jefe shi da dutse a ka yana tattakin neman 'yancin zama a Marquette Park. Sai 1968 aka yi dokar hana wariya a sayar da gidaje.

Shi Baba ya sami aiki a ɗaya daga cikin masana'antun ƙarfe na bakin tafki. Ya ce a zamanin, yaro ya gama sakandare ranar Juma'a, Litinin yana bakin aiki, albashinsa ya riƙe mata da 'ya'ya huɗu. Mafi girmansu, South Works, ta taɓa ɗaukar ma'aikata kusan 20,000, kuma a 1992 aka rufe ta gaba ɗaya. Kafin nan mayankar dabbobi ta birnin ta rufe tun 1971, manyan kamfanonin yammacin gari suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Da tasa masana'antar ta tsaya, Baba ya koma gadi da rabin albashi. Abokansa wasu giya ta cinye su, wasu suka bar gida saboda kunyar kallon matansu. Ana cikin haka ƙwayar da ake kira kirak ta shigo unguwa. Dokar tarayya ta 1986 ta sa hukuncin giram ɗaya na kirak, wadda talaka ke sha, daidai da na giram ɗari na garin hodar iblis, wanda masu hali suka fi sha, kuma sai 2010 aka rage tazarar daga ɗari zuwa 18. Ɗan Baba na fari ya shiga kurkuku yana da shekara ashirin da biyu, ya fito da furfura.

Ya ce, "Ɗana, ban ce yarona bai yi laifi ba. Da hannunsa ya sayar da guba ga maƙwabtansa, kuma na faɗa masa haka a gaban gilashin kurkuku. Amma ka tambayi kanka, me ya sa a zamanina babu wanda ke tsaye a kusurwar nan da ƙarfe goma na safe?"

Na saurara, na girgiza kai, na ce Allah ya kyauta. A raina kuwa na ce, duk da haka dai, wanda ke so zai yi.

A 2012 na ɗauki matakin da kowane direba ke mafarki. A Shikago ba ka da ikon mallakar tasi sai da wani farantin ƙarfe da birni ke bayarwa, ana maƙala shi a murfin injin mota, direbobi na kiransa madaliyan. Adadinsu ƙayyadadde ne, don haka a lokacin kullum farashi hawa yake. Kowa na cewa ya fi gida, shi ne fanshon direba. Na zuba duk abin da na tara a shekara tara, na jinginar da gidana, na ci bashin sauran. A 2013 farashinsa ya haura dala 300,000, na riƙa ganin na gama da talauci har jikokina. Sai ga motocin da ake kira ta waya sun cika gari, ba su buƙatar faranti, ba su biyan abin da muke biya. Ciniki ya riƙa zubewa kamar ruwa a kwando. Na ƙara awa, na koma sha shida a rana, babu ranar hutu. Kafin 2017 farantin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ba, bashin kuwa yana nan yadda yake, kowane wata yana jira. A ƙarshe aka karɓe motar da farantin, na je kotu na bayyana karayar arziki. Da ƙyar gidan ya tsira.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu, kuma ban taɓa faɗa wa dangina shi ba. Na zauna a gida wata takwas. Makon farko na cika takardun neman aiki da yawa. Wata na biyu na rage. Wata na uku na daina. Ni da ke tashi kafin kiran assalatu na koma sallar asuba da rana tsaka. Na daina zuwa masallaci don kada a tambaye ni aiki. Na daina ɗaga wayar gida. Matata ta kama aikin kula da tsofaffi da dare, ta je ta cike mana takardar katin tallafin abinci, katin da na sha zagin masu riƙe da shi a layin kanti. Ranar da ta ajiye shi a kan tebur ban iya kallonta ba, sai na hau ta da faɗa a kan gishirin miya. Ta ce, "Maigida, ba da ni kake faɗa ba, ka sani, na sani." Na tashi na shige ɗaki.

Babu wanda ya koya mini wannan hali. Ban gaje shi ba, ban taso a cikinsa ba, shekara goma sha huɗu ina aiki kamar jaki. Wata takwas kacal na rashin abin yi suka mayar da ni mutumin da aka nuna mini a taswira. Sai na fara lissafi: idan wata takwas sun yi mini haka, ina ga unguwar da aikinta ya tafi shekara arba'in, inda yaro zai girma bai taɓa ganin namiji a layinsu ya fita da safe ya dawo da yamma da albashi ba? Wani malamin jami'a baƙar fata, William Julius Wilson, wanda ya yi bincikensa a unguwannin nan, ya daɗe yana faɗin haka: aiki ba kuɗi kaɗai yake ba mutum ba, shi ke tsara masa lokacin tashi da kwanciya, shi ke sa mace ta ga saurayi ya isa aure. Da na ji wannan a rediyo shekarun baya, na ce uzuri ne irin na 'yan boko. A kan kujerar falona na gane cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma ƙadangaren ya shigo gidana. Ɗana yana da shekara goma sha biyar a lokacin. Maki ya fara sauka, ya fara dawowa dare, na ga takalmi a ƙafarsa wanda ban saya ba. Da na yi masa magana ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Abba, kai ka yi duk abin da aka ce a yi. Me ya rage maka?" Ban sami amsa ba. A wannan shekarar 'yan sanda suka tsayar da shi sau biyu a hanyar makaranta, suka jingina shi da bango suna lalube. Babu wanda ya tambaye shi daga ina ubansa ya zo. Bambancin da na gina rayuwata a kai, wai mu daban su daban, a bakin ƙofata ya tsaya. A titi ɗana baƙin yaro ne daga kudancin Shikago, shi ke nan.

A nan ne ma na fara ganin rashin adalcin kwatancen da nake yi. Mu da muka zo ta cacar biza an tace mu: sai mai shaidar sakandare ko ƙwarewar sana'a, mai lafiya, marar tarihin laifi, mai dangin da za su haɗa masa kuɗin jirgi. Mun girma a inda launin fatarmu bai taɓa zama abin tuhuma ba. Ka ɗauki zaɓaɓɓu daga cikin miliyoyi ka gwada su da duk wanda aka haifa a unguwa guda, ai ba gwaji ka yi ba. Ƙofar ma da muka shigo ta cikinta, dokar shige da fice ta 1965 ce ta fara buɗe ta ga 'yan Afirka da Asiya, kuma gwagwarmayar baƙaƙen nan ce ta share mata hanya. Iyayen waɗanda nake ƙin ɗauka a mota su aka sakar wa karnuka kafin ni in sami wurin ajiye akwati. Akwai kuma binciken da Devah Pager ta yi a Milwaukee, aka buga a 2003, inda ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya: Bature mai tarihin ɗauri an kira shi kashi 17 cikin ɗari, baƙar fata marar laifi ko ɗaya kashi 14. Na daɗe ina juya waɗannan lambobi biyu a raina saboda ɗana.

Kada wani ya ɗauka na koma cewa mutum ba shi da laifin kansa. Wanda ya fitar da ni daga ɗaki bai lallashe ni ba ko kaɗan. Wata asuba Baba ya yi ta buga ƙofata har na buɗe. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "An cuce ka, na yarda. Mu ma an cuce mu, fiye da kai. To yanzu sai me? Matarka tana wanke tsofaffin wasu, ɗanka yana neman uba a kusurwa, kai kana nan kana jinyar zuciya. Sa takalminka." Na sa. Muka tafi masallaci a ƙafa cikin sanyi, ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Kalmomin da ya faɗa mini kusan su ne masu rediyo ke faɗa, amma ba su yi mini ɗaci iri ɗaya ba. Na rediyo yana faɗa ne daga nesa, don ya wanke hannunsa, don kada a ce a kashe kuɗi a makaranta ko a kawo aiki. Baba ya faɗa yana tsaye a ƙofata, kuma bayan sallah ya haɗa ni da wani ɗan'uwa a sahu wanda ya san inda ake neman direbobin kai marasa lafiya wankin ƙoda. Ya tsaya mini shaida. Haka yake yi wa samarin layinmu: ya zage su tas a kan wando a gindi da yaran da suka haifa suka watsar, washegari ka gan shi ya sa kwat ya raka ɗaya daga cikinsu kotu ko wurin koyon aikin lantarki. Wannan faɗa na cikin gida ya girmi duk masu sharhin talabijin. A coci ake yin sa, a masallaci, a shagon aski, a bakin kaka. Ni ne ban taɓa tsayawa kusa ba balle in ji.

Wasu ba sa jin kiran, wannan ma gaskiya ce. Cikin samarin da na sani a kusurwar nan, biyu suna ƙasa, kuma waɗanda suka harbe su 'yan unguwa ne. A 2016 an kashe mutum fiye da 750 a birnin, mafi yawansu a kudu da yamma. Uwar da ta binne ɗanta ba ta son jin tarihin jan launi a taswira, so take a kama wanda ya yi. Amma ita ce kuma za ta gaya maka cewa a 2013 an rufe makarantun gwamnati kusan 50 a shekara guda, galibinsu a unguwannin baƙaƙe, yara suka koma ratsa layin da ba nasu ba kafin su isa aji. Ban taɓa jin wani a layinmu ya zaɓi ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ya jefar da ɗayar ba. Sai a rediyo ake yin haka.

Ɗana ya dawo hanya, ba a rana ɗaya ba. Na roƙe shi gafara kafin in nemi ya gyara, abin da ban taɓa zaton uba zai yi ba. Baba ya riƙa ɗaukarsa ranar Asabar suna gyaran famfo da fenti a gidajen tsofaffin layi, yana biyansa daga aljihunsa. Yanzu yana aikin haɗa na'urorin sanyaya ɗaki, yana da takardar ƙwarewa.

Ni kuma ina nan ina tuƙa motar marasa lafiya. Yawancin fasinjojina tsofaffi ne baƙaƙe daga unguwannin da aka ce mini ba ruwana da su, Englewood, Roseland, Austin. Sau uku a mako nake ɗaukar kowannensu, don haka mun saba. Akwai wadda ta yi shekara talatin tana aikin gidan waya, akwai wanda ya yi yaƙin Biyetnam, akwai wadda ta raini jikoki biyar. Baba ma ƙodarsa ta gaza bara, ya shiga jerina, Litinin da Laraba da Juma'a. Ƙarfe biyar na asuba nake buga masa ƙofa, in riƙe masa hannu mu sauka matakala uku na barandarsa. Tsintsiyarsa tana jingine a inda ya saba ajiye ta. Idan na dawo da shi na kwantar, nakan ɗauka in share daga ƙofarsa zuwa ta gwauruwar nan, kafin in tafi ɗaukar na gaba.